Yadda Aka Cire wa Turancin Baffa Hula

Wasu shekaru can baya, zamanin da nake ganin jan biro shi ne maganin kowace cuta, aka ɗora mini aikin da ba a koyar da shi a kwalejin horon malamai. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Mabera, ina zaune a Arkilla, kuma in ka miƙo mini littafin yaro, kafin shayina ya huce na mayar da shafin kamar mahauta sun yi aiki a kansa. Gyara sana'ata ce, da ita nake ci. Sai ga shi an haɗa ni da mutum guda a duk Sakkwato wanda ba ni da bakin ce masa "ba haka ba ne". Baffana ke nan, yayan mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifin namu.

Baffa ɗan kasuwar fata ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyar masu fata na ɓangarensu tun ina ɗan firamare. Karatun bokonsa bai wuce elementare ta da ba, amma shekarun ciniki da mutanen Legas sun goge masa harshe. Yana Turanci ba tsoro ba inda-inda, da murya irin ta wanda bai taɓa neman alfarma ba. Aibinsa ɗaya ne tak, sai dai aibin nan yana fitowa a kowace jimla, kamar tsakuwa a shinkafa.

Bari in ɗan sa rigar aji, don wanda ya daɗe da barin makaranta. Bature yana da wasu 'yan ƙananan kalmomi biyu da yake jingina wa suna in yana nufin guda daga cikin jinsi, wato "a" da "an". Mu a Hausa sai mu ce "na sayi akuya" mu wuce abinmu, shi kuwa sai ya sa wa akuyar ɗan rakiya. Shi ya sa ɗalibaina suke faɗawa rami iri-iri. Wasu su manta da ɗan rakiyar gaba ɗaya. Wasu su jingina shi ga abin da ba ya ƙirguwa, kamar ruwa ko shawara. Wasu su riƙe wasulan nan biyar da aka haddatar da su, su manta cewa kunne ne alƙali a wannan shari'a, ba ido ba. Duk waɗannan na san su, na san maganinsu. Baffa kuwa nasa ramin shi ya haƙa abinsa: bai san "a" ba sam. Komai "an".

Na taɓa jin tarihin abin daga bakinsa, yana ba abokansa labari cikin alfahari. Wai suna aji uku malaminsu ya yi masa bulala don ya faɗi "egg", wato ƙwai, ba "an". Daga ranar ya yanke hukunci cewa ba za a sake kama shi da wannan laifi ba, ya bi kowane suna ya sa masa. Da girma ya zo kuma sai abin ya zama falsafa. "Kalma in ba ta da wagga 'n' ɗin," in ji shi, "kamar dattijo na ya hito kassuwa ba hula."

Shekara da shekaru babu wanda abin ya dama. Mai sayen fata ba nahawu ya zo saye ba. Sai wayar hannu ta shigo. A wani taro da jami'an gwamnati, Baffa ya miƙe ya gabatar da kansa, ya ce shi "an trader" ne, "an father", "an Muslim". Wani yaro marar aikin yi ya ɗauka, ya yanka, ya sa masa kiɗa a ƙasa, ya saki. Ni ban ma sani ba sai ranar da na ga waya tana yawo a ƙarƙashin bencuna a aji, kafaɗu suna rawa. Na ƙwace da fuskar hukuma, na duba, sai ga baffana da babbar rigarsa yana maimaita kalma guda bisa kiɗa. A ƙasa an rubuta masa sabon suna: Alhaji An. Na mayar wa yarinya mai wayar da abarta ban ce uffan ba, abin da har yau ɗalibai na ajin suke lissafawa cikin abubuwan al'ajabi.

Labarin ya kai ga Baffa, don irin wannan labari ba ya ɓata hanya. Bai gane abin da ake wa dariya ba, kuma ba wanda ya isa ya gaya masa. Abin da ya gane shi ne an yi dariya. Ya rage zama a bakin rumfa. Ya daina tsayawa hira bayan la'asar.

Ana cikin haka aka aiko cewa wasu baƙi daga Turai, masu sayen jar fata, za su zo su gana da ƙungiyar. Sakataren ƙungiyar, wani matashi mai digiri da ladabi irin na wanda ya riga ya auna kujera da ido, ya kawo shawara a taro cewa a hutar da Baba, shi zai yi jawabin maraba. Kowa ya san ma'anar wannan hutu. Baffa ya ce shi zai yi magana kamar yadda ya saba, kuma ya ƙara da abin da ya tayar mana da hankali: in har aka sake yi masa dariya a gaban baƙi, da hannunsa zai miƙa shugabancin, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka taron ƙungiya ba. Wanda ya san Baffa ya san in ya faɗi magana ko shi kansa bai isa ya janye ta ba.

Mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi doguwar shimfiɗa ba.

"Kai ad da Turanci cikin gidan ga," ta ce. "In ka bari anka sake yi ma Baffanka dariya, to karatunka na banza na."

Na ce, "To Inna, sai in zauna da shi in nuna mai inda kuskuren ya ke."

Ta dube ni kamar na ce zan yi fitsari a masallaci. "Kai wa? Ka buɗe bakin ga naka ka ce ma yayan ubanka ya yi kuskure? In ka yi haka kak ka ƙara taka ƙohwar ɗakina."

Na tsaya ina jiran ta nuna mini ƙofa ta uku. Ta ci gaba da tsince wakenta.

Na gwada dabarun malamai. Na tsara jawabi mai kyau na kai masa, na ce ko zai duba. Ya juya takardar gaba da baya, ya miƙo mini. "Mai karanta takarda gaban baƙi bai san abin da shika hwaɗi ba. Ni kaina nika magana da shi." Na koma ina zuwa rumfarsa ina amsa wayar ƙarya da Turanci, ina jaddada "a" kamar mai dashen shinkafa, ko kunnensa zai ɗauka. Ya ɗauka kuwa. Da na gama sai ya girgiza kai ya ce wa maƙwabcinsa, "Ka ji Turancin yaran zamani. Duk ba hula."

Mafita ta zo ne a wurin suna, a gidanmu na gado a Tudun Wada. Muna zaune a tsakar gida, Baffa yana kan tabarma a inuwar dogon yaro, kowa yana magana ƙasa-ƙasa saboda an san halin da yake ciki. Sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, ta dogara sanda ta nufo shi kai tsaye. Gwaggo ce. Mahaifiyarta da mahaifin Baffa wa da ƙanwa ne, wato ita da Baffa taubasai ne. A ƙa'ida ɗaya ne bawa ɗaya ubangida, amma su biyun tun suna yara ba su taɓa daidaitawa a kan wane ne wane ba.

"Kai bawa," ta ce, "tashi ka ba uwargijiyarka tabarma. Ko don ka hito cikin waya shi na kaka jin kanka? Alhaji An!"

Wata mata ta tsaya da ludayi a sama. Ni kuwa na fara neman takalmina da ido.

Baffa ya ɗago kai, ya dube ta, sai ya fashe da dariyar da muka yi makonni ba mu ji ba. "Ke tsohuwar banza, wa yak kwance ki daga turke? Ni an san ni har cikin waya. Ke ko akuyoyinki ba su san sunanki ba."

"Su sun san ni, don ba ni yi masu Turancin da za su yi dariya."

Ya matsa mata, ta zauna, suka ci gaba da yankan juna, shi yana ta washe baki. Ina tsaye ina kallo, sai na ji kamar an kunna fitila a kaina. Maganar da in ni na faɗa za ta raba ni da uwata, ga wata ta faɗe ta a gaban jama'a an ba ta tabarma. Ashe ƙofa ta uku tana nan, kakanni sun gina ta tun kafin a haife ni. Ni ne dai ban taɓa ganin ta a manhaja ba.

Washegari na same ta a gidanta tana ba akuyoyi dusa. Gwaggo ba ta taɓa shiga ajin boko ba, kuma ba ta taɓa jin ta yi asara ba. Na ce mata ina so in koya mata Turanci.

"Ni? Mi za ni yi da shi, in yi ma waɗanga?" Ta nuna akuyoyin.

"Gwaggo, da shi za ki kada Baffa gaban mutane."

Ta ajiye kwanon dusar. "Yaushe za mu hwara?"

Na yi mata bayanin abin da ake ciki, har da rantsuwar da ya yi. Fuskarta ta canja na ɗan lokaci. "Wawan," ta ce a hankali. "In ya bar kujerag ga, zama gida kashe shi za ya yi." Daga nan ba ta sake nuna tausayi ba, ko sau ɗaya, har aka gama.

Ita ta tsara yadda za a yi. Ta aika wa Baffa cewa za ta fara karatun Turanci saboda jikokinta na Abuja, kuma a tsakar gidansa za a riƙa yi da la'asar, don inuwarsa ta fi, kuma gidan bawa ai na ubangijinsa ne. Baffa ya ce a zo, ya daɗe bai ga abin dariya kyauta ba.

Haka muka fara. Ni da Gwaggo a tabarma guda, Baffa a kujerarsa can gefe da rediyo, wai ba ruwansa. Ban kawo allo ba, ban kawo littafi ba. Na tara abin da ke gidan: ƙwai, lemo, fata, wuƙa, kujera. Na ce mata, da murya mai isa inda nake so ta isa, "Gwaggo, ki saurari farkon kalmar. In ta fara da baki sake, iska na fita ba abin da ya tare ta, sai ki sa mata hula. In harshe ko leɓe ya fara taɓa wani wuri, ki bar ta haka nan."

Kada wani ya zaci Gwaggo ta zama gwana. Turancinta abin a biya kuɗin kallo ne. Ƙwai a bakinta ya koma wani abu mai kama da sunan ƙauye. Amma ba Turanci ta zo nema ba, faɗa ta zo nema. Tana ɗaga fata ta ce "a skin", sai rediyon Baffa ya yi ƙasa.

"An skin," ya ce daga can.

"Kai bawa, wa yas sa da kai? Malam ya ce wagga ba ta da hula."

"Malam wa? Wanga da nis share ma majina?" Ya juyo gare ni. "Kai, raba mu. Wa ad da gaskiya?"

Ga tambaya daga bakinsa, ga gargaɗin Inna a kunnena. Allah Ya taimake ni da wata magana da ban san daga inda ta fito ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, ki yi hattara. Baffa gwada ki shika yi, ya gani ko za ki saki abin da anka koya maki. Yadda kinka hwaɗi shi na daidai."

Baffa ya dube ni. Na ga maganar tana zagaya masa kai tana neman wurin zama. Can ya gyara hularsa ya ce, "Awo. Gwada ta nika yi."

"Ƙarya kaka yi," in ji Gwaggo.

"To ɗauko wani, ki gani."

Daga ranar rediyo bai sake samun mai sauraro ba. Kujerar Baffa ta riƙa matsowa, kullum kaɗan, har ta iso bakin tabarma. Ita ta ɗaga abu ta faɗa, shi ya ƙalubalance ta, a kira ni shari'a. In ita ta yi kuskure, wanda ba ya wuya, sai in gyara mata da tsawa irin ta aji, in zayyana dalilin dalla-dalla, Baffa yana gyaɗa kai yana cewa, "Hwaɗa mata dai." In shi ya yi, to gwaji ne. Ban taɓa ganin malamin da ya yi wa ɗaliba gwaji da yawa kamar Baffa a makonnin nan ba. Sannu a hankali gwajin ya riƙa raguwa.

Akwai lokacin da ya zarce gona da iri, ya tuɓe wa kowace kalma hula, har ƙwan da aka yi masa bulala a kansa. Gwaggo ta tafa hannu. "Jiya kowa da hula, yau gari duk sanƙo! Kai ba ka san tsakiya ba?" Ya ce mata tsohuwar da ba ta da haƙoran gaba ba ta da hurumin magana a kan fitar iska. Aka yi dariya har matan gida suka leƙo, amma ƙwai ya samu hularsa ya koma.

Rana mafi wuya ita ce ranar kalmar da Turawa suke kiran ƙungiya da ita, wato "union". Ni na kawo ta da gangan, don na san ba yadda za a yi ya gana da baƙi bai faɗe ta ba. Na furta wa Gwaggo, ta saurara ta ce ba hula, don ita "yu" ta ji. Baffa ya miƙe tsaye. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

"A'a. Nan kam kun ɓata, ke da malamin naki. Haruhwa biyar na, da bulala anka sa mani su. Wagga kalma da na biyar ɗin tah hwara. Ko kana nuhin malaminmu bai sani ba?"

Malamin nan ya daɗe a kabari, kuma Baffa yana sa shi a addu'a. Ba zan iya cewa gwaji ne ba, ba zan iya taɓa mamaci ba. Na yi ta maza na nemo wanda ba shi da dangi a gidan.

"Baffa, malaminku gaskiya yah hwaɗi, harahin na nan. Laihin Bature na. Shi ya rubuta abu guda, in ya zo hwaɗi ya hwaɗi wani. Kuma hular bakinai taka bi, ba alƙalaminai ba."

Baffa ya furta kalmar a hankali, sau da yawa, yana sauraren kansa. Ya koma ya zauna. "Bature ke nan," ya ce. "Haka shika yi ko a ciniki."

Gwaggo ta ga wuri ya yi laushi, ta soka mashinta na ƙarshe. Ta ce za ta je taron, gayyata ko ba gayyata, kuma duk inda ya sa hula ba daidai ba za ta rangaɗa guɗa a gaban baƙin, kowa ya san bawanta ya yi abin kunya. Ya ce in ta fasa ba ta haifu ba.

Ranar taron na nemi izini a makaranta. Zauren ya cika da masu fata, manya a gaba, samari a baya. Abin da na fara lura da shi wayoyi ne. Tun Baffa bai tashi ba an ɗaga su, ana jiran kashi na biyu. Sakatare yana gefen baƙi da takarda a ninke a aljihun gaba, ta leƙo kaɗan don kowa ya san akwai ta. Gwaggo kuwa ta samu kujera a ɓangaren mata masu ɗinkin fata, a bakin hanya, inda ba yadda za a yi mai magana ya ɗaga kai bai gan ta ba.

Baffa ya tashi, ya yi sallama, ya yi wa baƙi maraba. Sai ya zo gaɓar da kowa yake jira. Ya ce shi "a trader" ne. Ya ce "a father". Ya ɗan tsaya, ya shafa gemu, ya ce "an old man", baƙin suka yi murmushi. Na ji wani yaro a bayana ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai, ba shi ba ne?" Baffa ya ci gaba, ya yi bayanin fatar akuyar ƙasar nan, yadda ake jeme ta da bagaruwa, abin da ya sa take laushi ba ta tsagewa. Wannan fagensa ne, ba mai koya masa. Wayoyin nan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, don hannu yana gajiya in ba abin da ya kama.

Da ya gama sai wata daga cikin baƙin ta yi tambayar da ba wanda ya shirya mata. Ta ce su kamfani ne, ko kuwa yaya suke?

Baffa ya buɗe baki. "We are..." Sai ya tsaya.

Na san abin da ke faruwa a kansa kamar ina ciki. Harafin nan na biyar ya taso masa, da bulalar aji uku, da malamin da ke kabari. Na ga leɓensa ya fara shirin sa hula. Wayoyi biyu-uku suka sake tashi. Hannun sakatare ya kai bakin aljihu. Can gefe kuwa Gwaggo ta ɗaga hannu a hankali ta kama hancinta da yatsu biyu, ta cika ƙirji da iska.

Baffa ya gan ta. Ya ƙura mata ido irin kallon da suke wa juna tun suna wasan ƙasa. Sannan ya juya ga baƙuwar, ya ce da ƙarfi, kamar mai yanke farashi, "A union."

Gwaggo ta saki hancinta.

Sauran tambayoyin ya bi ta kansu kamar mai tafiya a gonarsa. Baƙin suka tafa, manyan 'yan kasuwa suka tafa, sakatare ma ya tafa, ya tura takardarsa can ƙasan aljihu. Ana cikin tafin nan sai guɗa ta tsaga zauren, doguwa, mai kaɗawa, irin ta kai amarya. Baƙin suka ji daɗi ƙwarai, suka ɗauka cikin tsarin taron take. Baffa kuwa fuskarsa ta sauya. Ya yafito ni da hannu, na durƙusa kusa da shi.

"Ina?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Ina nis sa ta ba daidai ba?"

"Babu, Baffa. Ko guda. Wagga ta murna ta."

Ya numfasa. "Munahuka," ya ce, idonsa ya ɗan yi ja.

Ba a sake maganar hutar da Baba ba. An saki bidiyon wannan rana ma, amma bai yi nisa ba, don mutane ba su cika tura wa juna abin da aka yi daidai ba.

Bayan 'yan kwanaki ya aika in same shi a rumfa. Na tarar da shi a bakin ƙofa, inda ya saba zama da, abokansa kewaye da shi. Ya ce, "Malam, matso." Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba in ba da ba'a ba. Ya ce wa jama'ar, "Wanga yaro ya yi ƙoƙari da tsohuwar can. Kanta kamar dutsi, amma ya yi haƙuri da ita." Ya buɗe wata leda ya fito da hula sabuwa, aikin hannu, ya ɗora mini a kai da kansa, ya danna ta ta zauna. Sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kalma na iya tahiya ba hula. Malami ba ya iyawa."

Na ce na gode, ya ce in tafi kada in makara aji. Iyakar abin da muka taɓa faɗa wa juna ke nan a kan maganar, kuma ya isa.

Na daɗe ina juya wannan abu. A kwaleji an koya mana mene ne daidai, an koya mana yadda ake gane kuskure daga nesa. Ba a taɓa tambayar mu ba: wa ke da izinin faɗa, kuma wanda aka faɗa wa, ta wace ƙofa zai fita da mutuncinsa? Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa babba ma yana kuskure, sun kuma san ba ya gyaruwa ta hannun ƙarami. Maimakon su rushe girman, sai suka ajiye wa kowane babba mutum guda da zai iya ce masa wawa a ba shi tabarma. Ni da digirina ban fi mai riƙe wa Gwaggo sanda ba a wannan aiki, kuma ban taɓa yin aikin da na fi alfahari da shi ba.

Jan birona yana nan, ban yi tuban da zai hana ni cin abinci ba. Amma yanzu a farkon zango nakan haɗa ɗalibai biyu-biyu in ce daga yau ku taubasai ne, kowa yana da izinin kama ɗan'uwansa, kuma wanda aka kama yana da izinin cewa gwaji ne. Ajin yakan yi hayaniya fiye da yadda shugaban makaranta yake so. Kurakuran kuwa sun fi saurin mutuwa.

Gwaggo har yau tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa ita ta koya wa bawanta Turanci. Baffa yana cewa gwada ta yake yi tun daga farko har ƙarshe. In suka kira ni shari'a, sai in gyara hulata in ce duka biyun suna da gaskiya. Ita ce kaɗai jarrabawar da na taɓa ba kowa maki cikakke, kuma ban ji jan biro ya yi mini ƙaiƙayi a aljihu ba.